Fom ɗin da na tura a 2023 da gonar Kawuna

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Shekaranjiya wani ɗan uwa ya turo fom ɗin Google a guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Ibadan, yana tambayar wace jam'iyya muke ganin za ta fi samun kujeru a majalisar tarayya a 2027. Kafin gari ya waye an cike, an fito da zanen nan mai kama da faifai an yayyanka shi kala-kala, har musu ya kaure a kai. Wani ma ya ɗauki hotonsa ya ɗora a shafinsa da cewa wai binciken ɗaliban jami'a ya nuna kaza. Ban ce uffan ba a guruf, don ni ba ni da bakin yi wa kowa dariya. Na taɓa yin irin wannan, kuma nawa bai tsaya a musun guruf ba, sai da ya ci gonar mutum.

A farkon 2023 na gama bautar ƙasa ina zaune a gida, ina jiran a ba ni gurbin mastas. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya fito takarar majalisar wakilai a mazaɓarmu mai ƙananan hukumomi biyu. Tsohon malamin makaranta ne, rabin samarin garinmu sun ratsa ta ajinsa, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗi aibunsa ba. Wata rana bayan la'asar muna zaune a zaurensa ya ce da ni, "Kai da ka yi boko mai zurfi, ba za ka auna mana ruwan nan ba, mu san inda ya kai mu?" Na ce, "Kawu ai wannan abu ne mai sauƙi, a ba ni mako guda."

Na haɗa fom, tambayoyi biyar. Na tura a guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare, da na matasan unguwa, da na zumuncin danginmu, da na 'yan kamfen ɗin Kawu, na kuma roƙi kowa ya tura gaba. Mutum 400 da 'yan kai suka cike. Kawu ya tashi da wajen kashi 70 cikin 100. Na je shagon kwamfuta aka buga min takardar da kala, har da leda aka sa mata. Ba na manta yadda ya ɗauko tabarau ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce "Alhamdulillahi," ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Ba zan ce takardata ce ta sa shi takara ba, ya riga ya yi nisa. Amma a lokacin kuɗinsa sun ƙare, yana ta jinkirin ko ya taɓa gonar fadamar da ya gada. Bayan mako biyu ya sayar da ita don biyan wakilan akwati da hayar motoci. Kun dai tuna watan nan na canjin kuɗi, lokacin da mai tsabar kuɗi a hannu shi ke yanka farashin da ya ga dama. Haka gonar ta tafi a arha. Ranar 25 ga Fabrairu aka yi zaɓe, Kawu ya zo na uku. Ko a gundumarmu da kyar ya sha.

Kwana biyu da faɗin sakamako na shiga ɗakin Inna na tarar tana tsince shinkafa. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, don haka ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wai ni kam su wa aka tambaya a wannan takardar taku? Ni dai ba wanda ya tambaye ni." Na ce ai ta waya ake cikewa. Ta nuna min 'yar ƙaramar wayarta mai toci ta ce, "A wannan?" Daga nan ta lissafo min gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, wanda matansa suka karɓi atamfa da taliya, wanda 'yarsu ta samu aikin asibiti ta hannun ɗan majalisa mai ci, wanda maigidan ya ce kowa a gidansa ga alamar da zai dangwala wa. Ta ce tun kafin zaɓe da wata guda ta san ƙanenta ba zai kai ba, ta dai yi shiru ne don kada a ce ta yi masa baki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Inna da ba ta yi ko firamare ba ta fi fom ɗina sanin mazaɓar.

Sai da na zo Ibadan na san sunan laifin da na yi. A lakcarmu ta farko kan hanyoyin bincike malaminmu ya kawo labarin wata mujallar Amurka, Literary Digest, wadda a 1936 ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta bi daga littafin lambobin tarho da rajistar masu mota ta samo yawancinsu, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma cikin waɗanda aka aika wa ma masu jin haushin Roosevelt sun fi zafin dawo da amsa. George Gallup da ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in aka kwatanta, amma ya yi ƙoƙarin ɗebo su daga kowane rukuni, shi ya canka daidai. 'Yan aji suna ta dariya, ni kuwa gumi nake yi a kujerar baya, don labarina ake bayarwa da sunan wasu.

Duk wanda ya taɓa raka babansa sayen hatsi ya san ka'idar. Mai saye ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya, soka ɗan ƙarfen nan yake yi ya ɗebo kaɗan ya duba. Amma fa yana sokawa a sama da tsakiya da ƙasa, saboda ya san mai kaya yakan ɗora mai kyau a baki. Ni a bakin buhu na tsaya na yi ta ɗiba, ina murna wai na ɗebo da yawa. Duk wanda ya cike fom ɗina yana da babbar waya, yana da data, ya iya karatu, kuma ko ya san ni ko ya san wanda ya san ni. Mata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Daga ɗaya ƙaramar hukumar, wadda ta ma fi tamu yawan akwatuna, da wuya in an samu mutum 30. Ga kuma wani abu da littattafan Turawa ba su cika kawowa ba, wato kara. Ɗan 'yar'uwar ɗan takara ne ya turo maka fom, tsohon malaminka ne ke takarar, wa zai buɗi baki ya ce ba ya yi? Mu da ko a ido ake cewa "muna tare, ranka ya daɗe," ranar zaɓe kowa ya shiga lungu ya yi abin da ya ga dama.

To wani zai ce ai wannan aikin ɗan koyo ne, ƙwararru fa? Mu duba na 2023 ɗin. Ƙuri'ar jin ra'ayin da kamfanin NOI ya yi wa gidauniyar ANAP, wadda aka fitar a Fabrairun, ta ba Peter Obi kashi 21, Tinubu 13, Atiku 10, Kwankwaso 3. Abin da kowa ya ɗauka ya yi ta yaɗawa kenan. Abokin ɗakina ɗan Anambra ne, har yau in zancen ya taso sai ya kawo min waɗannan alƙaluma a matsayin hujja. Amma a takardar nan dai an rubuta cewa kashi 23 ba su yanke shawara ba, kashi 30 kuma sun ƙi faɗa. Wato sama da rabin waɗanda aka kira ba su ba da amsa ba. Ku da kanku kun san abin da dattijo a ƙauyenmu zai yi in baƙuwar lamba ta kira shi tana tambayar wa zai zaɓa. Ko ya ɗauka 'yan damfara ne, ko ya ce "sai wanda Allah Ya ba" ya kashe wayarsa. Wadda Bloomberg ta wallafa kuwa, ta kamfanin Premise, ta manhajar waya aka yi ta, ta kuma ba Obi rinjaye mai yawan gaske. Wannan kam yayar tawa ce, ta dai fi ta kuɗi. Da hukumar zaɓe ta faɗi nata, Tinubu na da ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Na san akwai masu ja da sakamakon, an kuma je har Kotun Ƙoli, ba shi nake son tayarwa ba.

Don adalci, akwai waɗanda suka yi abin a yaba. Kamfanin Stears ya ce idan jama'a suka fito da yawa Obi ne, idan fitowar ta yi ƙaranci Tinubu ne. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, wajen kashi 27 cikin 100 ne kawai suka jefa ƙuri'a. Ka ga kenan cikin duk mutum huɗu masu rajista, uku suna gida ranar. Duk wanda zai yi hasashe a ƙasar nan, kafin ya san wa mutane ke so sai ya fara cankar wa zai iya tsayuwa a layi cikin rana.

Wannan duk zaɓen shugaban ƙasa ne fa, wanda tambaya ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya. Na majalisa ya fi shi wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da nake rubuta kundina a kai yanzu, wataƙila don in huce haushin kaina. Kujerun majalisar wakilai 360 ne, na dattawa 109. Kowace kujera zaɓe ne mai zaman kansa, da 'yan takararsa da rigimarsa ta cikin gida, wane gari ne ya yi wancan karon, wane ne aka yi wa alkawarin karɓa-karɓa aka saɓa. A ce ka tambayi mutum 2,000 a faɗin Najeriya, wanda adadi ne mai kyau in ƙasa kake son aunawa. Raba su gida 360, kowace mazaɓa ba ta samu mutum shida ba. Idan kana son ka faɗi wani abu mai ma'ana a kan mazaɓa guda, ko da kuskuren maki biyar sama ko ƙasa, kana bukatar mutum wajen 400 da aka ɗebo bisa ka'ida. Ninka shi sau 360, mutum 144,000 kenan. Wa zai biya? Shi ya sa kusan duk abin da aka yi ta yaɗawa a 2023 na kujerar shugaban ƙasa ne, sai na wasu gwamnoni, mu kuma muka riƙa ɗaukar wannan muna auna 'yan majalisa da shi.

Kuma ba ya aunuwa. A rana ɗaya, a rumfa ɗaya, aka miƙa wa mutane takardu uku. A Legas Obi ya ɗara Tinubu da ƙuri'a ƙasa da 10,000, amma APC ta kwashe kujerun sanata uku na jihar duka. LP da ɗan takararta ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un shugaban ƙasa ta tashi da sanatoci takwas da 'yan majalisar wakilai wajen 35, wato kusan ɗaya cikin goma. NNPP kuwa da kashi 6 kacal ta samu sama da rabin wannan adadi a majalisar wakilai, saboda ƙuri'unta a dunƙule suke wuri guda: cikin miliyan 1.5 na Kwankwaso, kusan miliyan ɗaya daga Kano suka fito. A tsarinmu wanda ya fi ko da ƙuri'a ɗaya ce shi ke ɗaukar kujera, na biyu ya tafi gida hannu rabbana. Don haka inda ƙuri'arka ta taru ya fi yawanta muhimmanci.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Kano ta Tsakiya. Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP tun a watan Agustan 2022, amma sunansa ya ci gaba da zama a wajen hukumar zaɓe a matsayin ɗan takarar sanata na NNPP. Mutane suka fito suka dangwala wa kayan marmari, aka sanar da shi a matsayin wanda ya ci, daga baya Kotun Ƙoli ta tabbatar da Rufa'i Hanga. To don Allah wace tambaya mai bincike zai yi a nan? In ya ce "wa za ka zaɓa?" amsa ɗaya zai samu, in ya ce "wace alama za ka dangwala wa?" wata daban. Takardar ƙuri'armu tambarin jam'iyya take ɗauke da shi, ba sunan mutum ba. Ni a fom ɗina sunan Kawu na sa, har da hotonsa. Ban taɓa tambayar ko mutane sun san alamar jam'iyyarsa ba. Wani wuri a yi sak daga sama har ƙasa kamar zamanin guguwar Buhari, wani wuri kuma a ware, kamar Kebbi ta Tsakiya inda gwamna mai ci, Atiku Bagudu, ya nemi sanata Adamu Aliero ya kayar da shi. Bayan an gama duk wannan kuma sai kotu ta zo da nata lissafin, kamar yadda aka gani a Filato inda aka sauke 'yan majalisar PDP da dama.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Birtaniya da ke da irin tsarinmu na mai rinjaye ya ɗauka, ga kuɗi ga ƙwararru, a 2015 kusan duk kamfanoninsu sun ce kunnen doki za a yi tsakanin Conservative da Labour. David Cameron ya ba da ratar maki shida da wani abu, ya kafa gwamnati shi kaɗai. Kwamitin da aka kafa ya binciki abin ya gano cewa mutanen da aka riƙa tambaya ba su wakilci masu zaɓe ba, an fi samun waɗanda ke da sauƙin samu. Bakin buhu dai. A 2024 kuma Labour ta samu wajen kashi 34 na ƙuri'u amma ta kwashe kujeru sama da 410 cikin 650, Reform mai kashi 14 ta tsira da biyar, Liberal Democrats mai kashi 12 ta samu 72. A Indiya a shekarar nan dai, yawancin binciken bakin rumfa sun ba ƙawancen Modi kujeru sama da 350 cikin 543, aka tashi suna da 293, BJP ita kaɗai 240, ba ta ma kai rinjaye ba.

Duk da haka ban yarda da masu cewa abin duk ƙarya ne ba. A 2017 kamfanin YouGov ya yi amfani da wata dabara, ya tambayi dubban mutane, ya haɗa amsoshinsu da bayanan ƙidaya na kowace mazaɓa, shekaru da ilimi da sauransu, ya ce Theresa May za ta iya rasa rinjayenta. Aka yi ta yi musu dariya, kuma hakan ta faru. Sai dai dabarar tana tsaye ne a kan sanin su wa ke zaune a kowace mazaɓa. Su duk shekara goma suke ƙidaya. Mu rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin wasunmu ba su gama firamare ba, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage. Ko ka so ka gyara alƙalumanka su yi daidai da yawan mata ko matasa a mazaɓarku, da wane ma'auni za ka gyara?

Yanzu in wani ya turo min irin wannan zane, kafin in kalli wa ke gaba sai na nemi sanin mutum nawa aka tambaya, ta wace hanya aka same su, da wane harshe, nawa ne suka ƙi amsawa, kuma wa ya biya kuɗin aikin. In ba a rubuta ba, ina wucewa.

Bari in taɓo mu kanmu, ko da za a ji haushina. Lokacin haɗa kundi ya zo, kuma duk mun san abin da ake yi a hostal. Mutum zai rubuta a babi na uku cewa ya raba takardun tambaya 300 a ƙananan hukumomi uku a jiharsu, alhali a kan katifa aka cike su, shi da abokai biyu da biro kala uku, ana ci ana hira. Na san dalilin, kuɗin mota daga nan zuwa gida da dawowa kaɗai ya isa ya karya mutum, ga sufabaiza na matsa maka. Amma mu ɗin nan ne gobe za a kira a ce mu auna wa wani ruwa, ko ɗan takara, ko ma'aikatar lafiya da ke son sanin yara nawa aka yi wa rigakafi. Mu ne kuma muke kukan cewa masu bincike daga Legas da Abuja ba su san Arewa ba, ba sa jin Hausa, ba za su iya shiga gida su yi magana da matan kulle ba. To ga mu muna jin Hausar, 'yan uwanmu mata da ke cikin guruf ɗin nan suna iya shiga har ƙuryar ɗaki. Ni na ga abin da takarda mai kala take iya sa dattijo ya yi, shi ya sa ko mutum 80 na samu a nawa kundin, 80 ɗin zan rubuta.

Watan jiya Kawu ya kira ni. Bai taɓa yi min maganar takardar nan ba ko sau ɗaya, wanda ya fi min ciwo a kan da ya yi faɗa. Bayan mun gaisa ya tambayi karatu, sai ya ce mutane sun fara zuwa suna cewa ya sake fitowa, ko zan ƙara duba masa. Na yi shiru har ya ce "kana ji na kuwa?" Na ce, "Kawu, wancan da na yi maka ba bincike ba ne, masoyanka na ƙirga maka. Ka yafe ni." Ya yi 'yar dariya ya ce shi ma daga baya ya gane, ai har da sunan jikarsa 'yar shekara 12 ya gani a cikin waɗanda suka cike.

Mun yi da shi cewa in an yi hutu zan zo, amma da sharaɗi. Za mu ɗauki jerin rumfunan zaɓe na ƙananan hukumomin biyu mu fitar da wasu ta hanyar ƙuri'a, ba mu zaɓi inda muke da mutane ba. Gida-gida za a bi da takarda, rabin masu tambayar mata, kuma babu ɗan danginmu ko ɗaya a cikinsu, ni ma a mota zan zauna. Ba za a ambaci wanda ya aiko ba, za a kuma nuna wa mutum alamomin jam'iyyu kamar yadda zai gan su ranar zaɓe. Na kuma gaya masa ko an yi duk wannan, abin da zai samu hoton wannan watan ne kawai, ba alkawarin abin da zai faru ba, kuma kada ya sayar da ko akuya a kansa. Ya ce to, amma a fara da tambayar yayarsa.

Ina neman mutum shida da za su taya ni, uku mata, waɗanda suka taɓa aikin tattara bayanai ko suke son koya. Kuɗin mota da abinci ne kawai, ba wani abin kirki ba. Mai sha'awa ya yi min magana ta akwatin saƙo kafin ƙarshen wata.